Sulhun Bashi a Kano: Yadda Ake Zama a Rage, a Biya, a Rabu Lafiya

Duk wanda ya daɗe a Kantin Kwari ya san wannan alamar. Mutum na zaune a bakin shago, waya ta yi ƙara, ya duba sunan, ya kifa ta a kan bandir ɗin shadda. Bayan kwana biyu ya sauya hanyar da yake bi zuwa masallaci don kada ya wuce ta gaban wani shago. Bayan wata guda sai ka ji yaransa na cewa maigida ya yi tafiya, alhali yana gida a kwance.

Na shafe shekaru ina riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi, kuma an sha kirana in zauna a wurin sasanci saboda ni ne mai alƙaluman. A wuraren nan na ga cewa girman bashi ba shi ne yake hana sulhu ba. Na ga an daidaita a kan miliyoyi cikin zama ɗaya bayan la'asar, na kuma ga an kai juna kotu a kan dubu ɗari biyu. Wanda ya zo da ƙafarsa, da lissafi na gaskiya a hannu, kusan kullum yana samun sauƙi. Wanda aka farauto, ko da ya fi shi uzuri, ba ya samu.

Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, mutane da yawa da ba su taɓa saɓa alƙawari ba suka wayi gari jarinsu ya narke a hannu. Kafin nan ga ambaliyar da ta shiga Kwari a watan Agustan 2022. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya rage shi ne a san yadda ake fita.

Sulhun bashi yarjejeniya ce tsakanin mai bi da wanda ake bi, a kan a sauya yadda za a biya domin wanda ake bi ya gaza cika sharaɗin farko. Yakan zo ta fuska uku, kuma sau da yawa ana haɗa su: a yafe wani kaso a karɓi ragowar, ko a rarraba biyan zuwa lokacin da mutum zai iya, ko a karɓi kaya ko kadara a madadin kuɗi. Mai bin bashi yana yarda ne idan ya auna ya ga abin da ake miƙa masa yau ya fi abin da zai samu bayan shekara biyu yana sintiri a kotu.

Mataki na farko: ka zauna da biro da takarda, kai kaɗai

Yawancin masu bashi ba su san nawa ake binsu ba. Sun san abin yana da yawa, kuma tsoro ya hana su haɗawa. Ka haɗa. Kowane bashi layinsa daban: sunan mai shi, uwar kuɗin, abin da aka ɗora na ruwa ko tara idan akwai, ranar da wa'adi ya cika, abin da ka ba da jingina, da sunan wanda ya tsaya maka. Kada ka bar ko ɗaya, har kuɗin mai shinkafa na kasuwar Singa da na makarantar yara.

A ɗaya shafin ka rubuta abin da ka mallaka, amma da farashin da za a saya a wannan makon, ba farashin da kake fata ba. Atamfar da yayinta ya wuce ba a lissafa ta a kuɗin da aka saro ta. Bashin da kake bin wani da ya koma Agadas ya daina ɗaukar waya, ka ajiye shi gefe.

Ga wani da na taya wannan aikin, wani matashi mai sayar da leshi da atamfa. Dilan da yake ba shi kaya yana binsa naira 4,800,000. Wani ƙaramin banki yana binsa 1,300,000, wato uwar kuɗi 900,000, ruwa 260,000, tara 140,000. Ya kwashi adashe, saura zubin 300,000 a kansa. Manhajar bashi ta waya 85,000. Sai kuma 500,000 na matar yayansa da ta ba shi ajiya ya zuba a kasuwa ba da saninta ba. Jimla 6,985,000. Abin da yake da shi: ragowar kaya na 1,700,000, bashi mai karɓuwa na 600,000, da wani fili a bayan gari da dillalai suka taya 2,000,000. Duka 4,300,000. Da ya ga adadin a rubuce sai ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi na zaci ya kai goma." Daren ranar ya yi barci.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: nawa yake ragewa a wata bayan cefane, haya da kuɗin makaranta? Wannan adadin shi ne iyakar abin da za ka yi alƙawarin biya duk wata, ba abin da zai faranta wa mai bi rai a wurin zama ba. Nasa ya kama 120,000.

Mataki na biyu: wa za a fara sallama?

Ba wanda ya fi ɗaga murya ba. A ganina amana ce a gaba: ajiya, kuɗin marayu, kuɗin adashe. Waɗannan ba a neman ragi a cikinsu, domin masu su ba su shiga kasuwanci da kai don riba ba, kuma cin amana na iya zama laifin da hukuma za ta kama mutum a kai. Sai bashin da ke da jingina, ko wanda wani bawan Allah ya tsaya maka, tunda idan ka gaza shi za a bi. Sai wanda yake hauhawa kullum da tara. Sannan sauran.

Idan masu bin da yawa ne kuma abin hannunka ba zai ishe su ba, kada ka biya ɗaya a ɓoye ka bar sauran. A Kano magana ba ta kwana. A fiƙihu ma, idan jarin mutum ya karye, ana raba abin da ya rage ne ga masu bi gwargwadon haƙƙin kowa, sai dai wanda ya tarar da ainihin kayansa a hannun mutumin, shi ya fi cancanta ya ɗauki abinsa, kamar yadda ya zo a hadisin Bukhari da Muslim. Wannan ne ya sa mayar da kaya ga dila yake zama ginshiƙin sulhu a kasuwa.

Mataki na uku: kuɗin da za ka aza a faifai

Ba a zuwa neman ragi hannu rabbana. Ka sayar da abin da za ka iya rayuwa ba tare da shi ba: fili, mota ta biyu, babbar waya. Kada ka sayar da abin da kake neman abinci da shi, kamar keken ɗinki ko Adaidaita Sahu, domin da shi za a biya ragowar. Ka gaya wa 'yan uwa gaskiya. Kuma ka sani mai bashin da ya gaza biya yana cikin kaso takwas da aka ambata a Suratut Tauba aya ta 60 waɗanda zakka ta halatta gare su. Babu abin kunya a sanar da mai fitar da zakka na unguwa ko a kai takarda Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha.

Hanya ɗaya ce nake roƙon kowa ya guje mata: karɓo kaya bashi a wuri mai tsada, a karyar da su a kasuwa don a sami kuɗin toshe bakin wani. Wanda ya karɓi katan ɗari a kan miliyan ɗaya ya sayar dubu ɗari takwas, ya ƙara wa kansa bashin dubu ɗari biyu a yini ɗaya. Haka rance daga wata manhaja don a biya wata.

Mataki na huɗu: wanda zai shiga tsakani

Idan abin kaɗan ne kuma ba a yi baram-baram ba, ka je da kanka. Idan kuwa an riga an yi musayar baƙaƙen maganganu, a nemi mutumin da mai bin bashin yake jin nauyinsa: dattijon layi, shugaban ƙungiyar kasuwa, limamin masallacin da yake salla, maigidan da ya yaye shi, ko mai unguwa. Ka kula, wanda shi yake jin nauyi, ba wanda kai kake so ba. Hukumar Hisba, wadda aka kafa a 2003, tana yin sasanci a hedikwatarta da ke Sharaɗa da ofisoshinta na ƙananan hukumomi, kuma mata da yawa sun fi sakewa a can idan rikicin na adashe ne ko na kayan ɗaki da aka karɓa bashi.

Ka nuna wa mai shiga tsakanin takardun nan biyu gaba ɗaya kafin a zauna. Idan aka gano a tsakiyar zama cewa ka ɓoye wata kadara, ka kunyata shi, kuma ba zai sake buɗe baki dominka ba.

Mataki na biyar: zaman kansa

Ka fara da amsa bashin. Kada ka fara da labarin ambaliya ko tashin dala, duk ya sani, shi ma ya ji a jikinsa. Matashin nan da muka je wurin dilansa tare da wani dattijon layinsu, bayan an gaisa sai ya durƙusa ya ce:

"Alhaji, kuɗinka miliyan huɗu da dubu ɗari takwas ne a wurina, ban musa ko kwabo ba. Na yi kuskure da na daina ɗaukar wayarka. Ga duk abin da na mallaka a rubuce, ga kuma duk waɗanda suke bina."

Alhaji ya sa tabarau ya karanta har ƙasa. Ya ce, "Filin nan fa?"

"Na sa shi a kasuwa, ranka ya daɗe. Baba ne ma ya haɗa ni da dillalin."

Dattijon ya ce, "Haka ne, Alhaji. Yaron nan naka ne. Ka duba abin da Allah ya hore, ka sassauta masa."

Daga kuɗin fili da bashin da ya karɓo, 2,600,000, an ware na amana da na adashe da na manhaja, da 1,030,000 da banki ya amince ya karɓa, saura 685,000. Aka mayar wa Alhaji kaya na 1,700,000, aka ba shi wannan 685,000 a take. Ragowar ya zama 2,415,000. Alhaji ya yafe 975,000, aka raba 1,440,000 wata goma sha biyu, dubu 120 duk wata. Ya kuma yarda yaron ya ci gaba da kawo masa baƙinsa na Nijar da Chadi yana karɓar la'ada, domin ya san daga nan biyan zai fito.

Wasu abubuwa game da ciniki. Ka fara tayi ƙasa kaɗan da iyakar ƙarfinka don a sami wurin matsawa, amma ba tayin raini ba. Kuɗi dunƙule a hannu ya fi jawo ragi mai yawa a kan alƙawarin biya kaɗan-kaɗan. Idan aka matsa maka ka amsa abin da ka san ba za ka iya ba, ka nemi a ba ka kwana biyu. Sulhun da aka karya ya fi rashin sulhu muni, domin karo na biyu ba wanda zai tsaya maka.

Wannan irin ragin yana da asali. Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibn Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaga labulen ɗakinsa ya yi wa Ka'abu nuni da ya yafe rabi. Da ya amsa, sai ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. A lura da ƙarshen: ragi na tafiya ne tare da biya nan take.

Akwai wurare biyu da ya kamata a yi hattara. Na ɗaya, ƙara wa mutum lokaci a kan ya ƙara kuɗi riba ce tsantsa, ko da wane suna aka kira ta. Na biyu ya fi ɓuya. Idan wa'adin bashi bai cika ba, sai aka ce "rage min in biya ka yanzu", mazhabar Malikiyya da ake bi a nan ba ta yarda da shi ba, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta faɗi haka ƙarara. Wasu malamai irin su Ibn Taimiyya da Ibn Ƙayyim sun halatta. Amma idan wa'adi ya riga ya cika, yafe wani kaso da karɓar saura ba a yi saɓani a kan kyawunsa ba. Wanda wa'adin bashinsa bai cika ba, ya tambayi malaminsa kafin a ƙulla.

Idan banki ne yake binka

A nan babu dattijon layi, takarda ce take magana, kuma sai ka fahimci yadda banki yake kallon bashinka. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ga manyan bankunan kasuwanci, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun marasa motsi. Daga nan dole banki ya riƙa ware wani kaso daga ribarsa a madadinsa: kashi 10 cikin ɗari da farko, kashi 50 bayan kwana 180, gaba ɗaya bayan kwana 360. Saboda haka duk abin da aka karɓo daga tsohon bashi riba ce a wurinsu, shi ya sa suke sauraron tayi. Amma kada wannan ya sa ka ce bari in jira ya tsufa. Kafin lokacin tara ta taru, an kai sunanka wurin masu ajiye tarihin bashi, an fara neman mai tsaya maka, kuma ana iya sa jinginarka a kasuwa. Ko ka ji an ce banki ya cire bashin daga littafinsa, ba yafewa aka yi ba, gyaran lissafinsu ne na cikin gida, suna nan suna binka.

Ka fara da neman cikakken bayanin asusun bashin tun daga ranar farko. Ka raba shi uku: uwar kuɗi, ruwa, tara. Ka gwada da takardar tayin rancen da ka sa wa hannu, domin akan sami cajin da ba ya cikinta. Idan ka ga haka, ka rubuta ƙorafi ga bankin, a ba ka lambar shaidar karɓa. Idan mako biyu zuwa wata guda ya wuce, gwargwadon irin ƙorafin, ba a warware ba, kana da damar kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Sannan ka rubuta wasiƙa zuwa ga manajan reshe: dalilin gazawa a layi biyu ko uku tare da shaida, adadin da za ka biya, ranar da za ka biya, da abin da kake roƙo a yafe. Tara ita ce ta fi saurin faɗuwa, sai wani ɓangare na ruwa. Uwar kuɗi da wuya a taɓa ta. Jami'in da ke kiranka a waya ba shi da ikon yafe komai, kwamiti ne a sama yake amincewa. Don haka ko ya rantse maka an yarda, kada ka zuba kuɗin sulhu sai ka riƙe takarda mai tambarin banki da sa hannu, wadda ta ce wannan adadin shi ne biya na ƙarshe. In ba haka ba, na'ura za ta haɗiye kuɗin a matsayin tara da ruwa, uwar kuɗi tana nan. Kuma cikin asusun bankin za ka biya, ba asusun wani ma'aikaci ko ɗan karɓar bashi ba.

Sauya banki ba ya ɓoye mutum. Tun 1 ga Agustan 2020 tsarin GSI ya fara aiki, wanda ya ba banki damar cire uwar kuɗi da ruwan da ya taru daga asusunka na wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, muddin ka sa hannu a kan izinin lokacin karɓar rance. Tara ba ta cikin abin da aka yarda a cire ta wannan hanya. Idan kuma bankin da ba ya mu'amala da ruwa ne, irin su Jaiz da TAJ, farashin murabaha, wato kayan da banki ya saya ya sayar maka da riba, a yanke yake tun farko ba ya hauhawa, abin da ake nema a wurinsu shi ne ƙarin lokaci ko rangwame daga ribarsu.

Manhajojin bashi na waya ba sa buƙatar dogon bayani. Ka biya abin da ka karɓa da abin da aka yi yarjejeniya, ka nemi a cire tara, ka adana hoton duk saƙon da aka yi. Tura wa mutanen cikin wayarka saƙon cewa kai ɓarawo ne ya saɓa doka. Hukumar FCCPC, mai kare haƙƙin masu sayayya, ta fitar da ƙa'idojin rajistar waɗannan kamfanoni a 2022, akwai dokar kare bayanan sirri ta 2023, kuma a shekarar Google ya hana manhajojin rance shiga lambobin waya da hotuna. Ana kai ƙorafi, amma cin zarafin da suka yi bai sauke maka bashin ba.

Wani abu da nake gani a intanet: tallan kamfanonin da ke cewa za su rage maka rabin bashinka. Wannan sana'a ce ta Amurka, ta masu bashin katin banki. A can mutum yana daina biya, ya riƙa tara kuɗi a wani asusu na shekara biyu zuwa huɗu, kamfanin ya yi ciniki da masu bi, ya ɗauki kashi 15 zuwa 25 na bashin a matsayin lada. Ko a can, tun 2010 aka hana masu tallata wannan aiki ta waya karɓar lada kafin su daidaita bashi, kuma sunan mutum yana ɓaci a wurin masu ba da rance. A nan duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista zai goge maka bashi daga BVN, ɗan damfara ne. Idan abin ya yi nauyi, lauya ko akanta da ka san ofishinsa za ka nema.

Mataki na shida: a rubuta

Nan ne mutanenmu suke sakaci, wai rubutu rashin yarda ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Na ga sulhun da aka yi da baki, Alhajin ya rasu bayan wata biyar, magada suka buɗe littafi suka tarar da tsohon adadi, suka bi mutumin da shi gaba ɗaya. Ba su yi zalunci da gangan ba, abin da suka gani ke nan. Ban da haka, a dokar kwangila da Najeriya ta gada daga Ingila, biyan wani ɓangare na bashi ba ya share ragowar da kansa. Takarda ce kariyarka.

Shafi ɗaya ya isa, da Hausa, da boko ko da ajami. A sa cikakken sunan kowa da inda yake zaune, asalin bashin da adadinsa, abin da aka yafe, abin da aka biya yau da yadda aka biya, abin da ya rage da ranakun biyansa da asusun da za a tura. A rubuta jimlar nan a fili: idan an kammala wannan biya, babu sauran haƙƙi a kan wane, ko a kan wanda ya tsaya masa. A faɗi abin da zai faru idan wata ɗaya ya kuɓuce: shin akwai sassaucin kwanaki, ko tsohon adadi ne zai dawo? Masu bi da yawa suna sa wannan sharaɗin, ka san da shi kafin ka sa hannu. A faɗi ranar da za a mayar da jingina. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi, a kuma ɗauki hotonsa a waya.

Kada ka ba da cek na gaba idan ba ka tabbatar kuɗin zai kasance a asusu ba. Dokar 1977 kan cek mara kuɗi ta tanadi ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Da hannunka za ka mayar da bashi ya zama laifi.

Idan sulhu ya ƙi

Har yanzu da sauran hanya. Akwai cibiyar sasanci ta Multi-Door Courthouse da ke ƙarƙashin Babbar Kotun jiha tun 2009, inda mai sasanci da aka horar yake zama da ɓangarorin biyu, kuma idan alƙali ya amince da abin da aka cimma, ya zama kamar hukuncin kotu. Akwai kotunan ƙananan ƙararrakin kuɗi da aka buɗe a 2019, waɗanda ake iya zuwa ba lauya, bayan an fara aika takardar neman biya. Kotunan shari'ar Musulunci ma alƙalansu sukan ba da dama a je a daidaita a dawo. Idan sammaci ya zo maka, ka je. Rashin zuwa ne yake sa a yanke hukunci a bayan idonka, daga nan a riƙe asusunka ko a yi gwanjon kayanka.

Ga mai bin bashi kuma, ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 36 ya hana kama wani a madadin wani, wato ba a tsare ƙane ko mata don maigida ya fito. Kotuna sun sha cin tarar waɗanda suka yi haka. Sai dai idan da yaudara aka karɓi kuɗin tun farko, wannan magana ce daban. Ka bambance tsakanin wanda ba shi da shi da wanda yake da shi ya ƙi. Na farko aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi. Na biyu hadisi ya kira jinkirinsa zalunci, kuma ban ga laifin wanda ya kai shi gaban alƙali ba.

Mataki na bakwai: biya da rufewa

Ka riƙa biya ta banki don ya bar sawu, ka rubuta a wurin bayani cewa biya na kaza ne cikin kaza. Idan tsabar kuɗi ne, a ba ka rasit, ko a rubuta a bayan takardar sulhun a sa hannu. Idan ka hango wani wata zai gagara, ka kira tun kafin ranar, ka kai abin da ya samu.

Ranar da ka yi biyan ƙarshe, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a binka komai. Ka karɓo jinginarka: takardun fili, na mota, ko cek ɗin da ka ajiye. Ka sanar da wanda ya tsaya maka da dattijon da ya shiga tsakani, ka je har gida ka yi musu godiya. Idan banki ne, bayan wata ɗaya ko biyu ka nemi rahotonka daga masu ajiye tarihin bashi, wato CRC, FirstCentral ko CreditRegistry. Dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahoto ɗaya kyauta a shekara, kuma idan har yanzu yana nuna ana binka, ka kai musu kwafin takardar banki a gyara. Idan kuma a kasuwa ne, ka roƙi Alhaji ya sa a ɗauko littafin a gabanka, a buɗe shafinka, a ja layi a kai, a rubuta kwanan wata.